Taurarin da Ba Mai Riƙe da Su a Wasan Labarin Jarumai: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wasa ake magana a kai?

Wasan da mutum uku, huɗu ko biyar za su zauna su ƙirƙiri labari tare da baki, kowa ya ɗauki tauraro guda ya shiga rigarsa. Akwai takarda da ke ɗauke da ƙarfin tauraron da rauninsa, akwai dayis, ƙwayar nan mai lambobi irin ta ludo, da ake jefawa idan ana shakkar abin da zai faru, kuma a mafi yawan wasannin akwai jagora mai bayyana duniya da abin da ke cikinta. Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson ne ya buɗe wannan ƙofa a 1974. Ba a jima ba masu son labaran jarumai masu baiwa, irin masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya, suka samu nasu: Villains and Vigilantes a 1979, Champions a 1981, Marvel Super Heroes a 1984, DC Heroes a 1985, har zuwa Mutants & Masterminds a 2002.

Su wa ake nufi da taurarin da ba mai riƙe da su?

Duk wanda yake cikin labarin amma a wannan fitowar babu ɗan wasan da ya ce "ni ne shi". Iri uku ne, kuma cuɗa su wuri ɗaya shi ke jawo yawancin gardamar da ake yi a tebur.

Akwai waɗanda tun asali ba a yi su don wani ya riƙe su ba: 'yar jaridar da ke bin sawun jarumai, shugaban 'yan sanda, mahaifiyar jarumi, direban motar da ta maƙale a kan gada. Akwai tauraron da yake da mai shi, sai dai mai shi bai zo zaman yau ba. Sannan akwai wanda mai shi ya bar wasan gaba ɗaya, ya bar takardarsa a cikin jaka. Na farko na tebur ne, na biyu amana ne, na uku kuwa sai an tambaya kafin a san matsayinsa.

Me ya sa batun ya fi tasowa a wasan jarumai fiye da sauran wasanni?

Saboda jarumi mai baiwa ba ya jin duka a jikinsa, a jikin mutanensa yake ji. Wanda harsashi ba ya huda shi, ta ina za ka tsorata shi? Sai ta wanda yake ƙauna. Marubutan labaran zane sun gane haka tun ranar farko. Lois Lane, masoyiyar Superman, ta fito ne a mujallar da Superman ya fara fitowa a 1938, Kwamishina Gordon na 'yan sanda ya fito tare da Batman a 1939, Aunt May kuma, gwaggon da ta reni Spider-Man, tana nan a labarinsa na farko a 1962. Ba daga baya aka liƙa su ba. Da su aka gina jaruman.

Masu tsara wasanni sun mai da wannan doka. A Champions, ɗan wasa yana samun ƙarin makin gina jaruminsa idan ya yarda ya rataya wa kansa wani mai rauni da ya dogara da shi, ƙane ko mata ko tsohon uba. A kan takarda za a rubuta lamba a gefen sunan: 8, 11 ko 14. Kafin a fara sabon labari jagora zai jefa dayis uku, idan jimillar ba ta wuce lambar ba, to mutumin nan zai shiga cikin rikicin. Wanda ya zaɓi 8 zai ga ƙanen nasa a cikin haɗari kusan sau ɗaya cikin huɗu. Wanda ya zaɓi 14 kuwa kusan sau tara cikin goma, wato ya sayi ƙarfi da kwanciyar hankalinsa. A Marvel Super Heroes na 1984 ma, makin Karma da jarumi ke kashewa don gyara sa'arsa ba daga kama ɓarayi kaɗai yake zuwa ba. Cika alƙawarin da ya yi wa mutanensa na rayuwar yau da kullum yana ƙara masa, saɓa shi yana rage masa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane su suka fi kowa nauyi a zuciyar jarumi, kuma su ne ba su da kowa a tebur da zai tsaya musu. Daga nan matsalar take.

Idan akwai jagora, ai duk nasa ne, ko?

Muryarsu tasa ce, amma ba mallakarsa ba ne. Ɗan wasan da ya zauna ya ƙirƙiro wa jarumarsa ƙanwa, ya ba ta suna, ya ce ita ce kaɗai ta san sirrinta, yana da haƙƙi a kan yarinyar nan ko da jagora ne ke magana da bakinta. Jagora na iya sa ta fushi, ya sa ta yi ƙarya, ya sa mugu ya sace ta. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya wayi gari ya ce ashe tun farko ita ce muguwar, ba tare da ya taɓa jin ta bakin wanda ya kawo ta ba.

Wani haɗarin kuma shi ne jagora ya kamu da son wani tauraro nasa. Za ka gane ta wajen alamu: shi ke zuwa a daidai lokacin da ake buƙata, shi ke da amsar kowace tambaya, shi ke kai naushin ƙarshe. 'Yan wasa ba su taru don su kalli jagora yana wasa da kansa ba. Wasannin da suka fito daga zuriyar Apocalypse World na 2010, irin su Masks na Brendan Conway, sun toshe wannan ƙofa ta wata hanya mai kyau: jagora ba ya jefa dayis sam. Ɗan wasa ne ke jefa guda biyu, 10 zuwa sama ya yi nasara, 7 zuwa 9 ya samu da tsada, 6 zuwa ƙasa jagora ya faɗi abin da ya lalace. Taurarin jagora ba su da wata nasara da za su ci sai ta cikin abin da 'yan wasa suka yi.

To wasan da ba shi da jagora fa? Wa zai yi magana da bakinsu?

Nan ne tambayar ta fi zafi. Capes, wanda Tony Lower-Basch ya fitar a 2005, wasan jarumai ne da babu jagora a cikinsa. A farkon kowace fitowa kowa zai zaɓi wanda zai riƙe, yau jarumi, anjima mugu, wani lokaci ma ɗan kallo. Wanda yake son riƙe tauraro na biyu sai ya biya da alamomin labari, wato ladan da ya tara a cikin wasan. Duk abin da ake takaddama a kai, ana rubuta shi a kati a ajiye tsakiyar tebur da dayis a kowane ɓangare, kuma ba wanda ya isa ya ba da labarin yadda ta ƙare har sai an warware katin ta hanyar doka.

Ga yadda abin ke kasancewa. A ce ana fitowa a saman wani bene mai hawa talatin. Ɗaya tana riƙe da jaruma Walƙiya, ɗaya yana riƙe da mugu Baƙin Hayaƙi, na uku ya ɗauki jarumi Garkuwa. Ƙanwar Walƙiya tana wurin, domin ita aka sato, amma ba wanda ya ɗauke ta. Mai riƙe da mugu ya ce, "Yarinyar tana kuka, ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu." Ba wanda ya ce uffan, wannan ado ne na labari, kowa na iya ƙara irinsa. Can sai ya ce, "Sai ta ɗaga kai ta faɗa wa Baƙin Hayaƙi sunan yayarta na gaskiya." Mai riƙe da Walƙiya ta ɗora yatsa a kan tebur ta ce, "A'a, ɗan'uwa, wannan sai ka rubuta a kati. In kana so ta faɗa, ka ci shi da dayis."

Gaskiyarta ce. Kuka da riƙe ƙarfe ba su canza komai ba. Tona sunan kuwa ya rushe rayuwar jarumar gaba ɗaya, kuma an so a yi shi kyauta, ta bakin wadda ba ta da mai kare ta. Iyakar da nake ganin ta fi aiki a kowane tebur ke nan: kowa na iya motsa tauraron da ba mai riƙe da shi, ya sa shi magana, ya sa shi gudu, ya sa shi ihu. Amma duk abin da zai sauya labari, ko dai wani ya ɗauki tauraron ya biya abin da doka ta ce, ko a mai da abin takaddamar da kowa zai iya shiga.

Wannan ba zai sa su zama kamar gumaka ba, suna tsaye ba sa yin komai?

Zai iya, idan ba wanda ya taɓa ɗaukarsu. Maganin shi ne a riƙa ɗaukarsu. Ɗan wasan da jaruminsa ba ya cikin wannan fitowa, maimakon ya zauna yana latsa waya, a miƙa masa katin shugaban 'yan sanda. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ars Magica, wasan matsafa na 1987, ya shahara da ita: dakarun da ke rakiyar matsafa na kowa ne, duk wanda hannunsa ke sake sai ya ɗauki ɗaya. A wasan jarumai ta fi ma dacewa, domin fitowar da jarumi ke zaune da mahaifiyarsa yana ɓoye raunin da ke kafaɗarsa tana buƙatar mutum biyu ne kawai, kuma ta fi armashi idan uwar tana hannun wanda zai matsa masa da tambaya da gaske.

Zan iya kashe tauraron da ba mai riƙe da shi?

Dokar wasanku na iya ba ka dama. Ni dai shawarata ita ce kada ka yi sai ka tambaya, kuma ka tambayi wanda mutuwar za ta fi taɓawa.

Mutuwar na kusa da jarumi babban makami ne. Mutuwar Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, a 1973 har yau ana maganarta, saboda masu karatu sun yi shekaru da saninta, kuma abin ya bar tabo a labarin Spider-Man. Amma makamin ya zama abin wasa a hannun marubuta da yawa, har marubuciya Gail Simone ta tattara jerin mata taurari da aka kashe ko aka nakasa don kawai a fusata namijin jarumi, a 1999. A tebur abin ya fi sauƙin faruwa, domin wanda ba mai riƙe da shi ba ya gardama. Minti ɗaya ya isa a kashe matar da wani ya shafe wata shida yana gina zamansu.

Capes yana da wata dabara da ta cancanci a are ta ko wane wasa ake yi. Tun farko tebur zai amince da jerin abubuwan da ba sa faruwa a wannan duniya, misali ba a kashe jarumi, ba a tona asirinsa, ba a hallaka duniya. Mugu na iya neman yin su, yana iya ma yin rinjaye a dayis, amma maimakon abin ya auku sai ya tsaya yana alfahari da cika baki, a ba mai riƙe da shi lada na alamomin labari. Barazanar tana nan da zafinta, mai riƙe da mugu bai yi asara ba, kuma ba a fasa abin da ba ya gyaruwa ba. Ku zauna minti goma kafin zaman farko ku rubuta naku jerin, ku sa sunayen mutanen da ba a taɓawa sai da izini.

Ɗaya daga cikinmu bai zo yau ba. Ya za mu yi da jaruminsa?

Mafi sauƙi kuma mafi aminci: a fitar da shi daga fage. Duniyar jarumai ta fi kowace duniya sauƙin wannan. An kira shi wani gari, yana can yana tare ambaliya, yana jinyar raunin makon jiya, ko aikinsa na rana ya riƙe shi. Masu karanta labaran ƙungiyoyin jarumai sun saba ganin wani ba ya nan a fitowa guda ba tare da dogon bayani ba.

Idan an tsaya a tsakiyar faɗa a zaman da ya wuce, ba yadda za a yi ya ɓace, to wani ya riƙe shi da sharuɗɗa uku. Ba zai mutu ba. Ba za a kashe masa makin da ya tara ba. Ba kuma zai yanke wata shawara da mai shi zai dawo ya tarar an ɗaure shi da ita ba, kamar ya yi rantsuwa, ya bayyana soyayya, ko ya kashe wani. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne: a Marvel Super Heroes jarumin da ya kashe rai yana rasa Karma ɗinsa duka. Ka yi tunanin mutum ya dawo ya tarar an yi masa haka a bayan idonsa.

Ya tare ƙofa, ya kwashe mutane daga bene, ya riƙe yaran mugu a gefe. Ayyuka ne masu amfani da ba sa cin amanar kowa.

Idan ya daina zuwa gaba ɗaya fa?

A tambaye shi. Saƙo ɗaya ya isa: kana so mu ajiye shi ko za ka dawo, mu yi masa ritaya, ko ka bar mana shi? Da yawa za su ce ku yi yadda kuka ga dama, wasu ma su ba ku shawarar da ta fi taku. Idan an neme shi ba a samu ba, a yi wa jarumin fita ta mutunci wadda ta bar ƙofa a buɗe. Mai da shi mugu abu ne mai daɗi a labari, domin ya san sirrin kowa, amma kada a yi shi don huce haushin tafiyar mai shi. Tebur na gane bambancin.

A duniyarmu akwai manyan jarumai da suka fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Me zai hana su zo su gama komai?

Wannan tambaya tana kashe wasanni da yawa, musamman idan ana wasa a duniyar kamfanonin labaran zane na Marvel ko DC inda kowa ya san wa ke zaune a gari na gaba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce suna can suna fama da abin da ya fi wannan. Tana aiki sau ɗaya, sau biyu, daga nan ta fara wari, kuma tana gaya wa 'yan wasa cewa nasu rikicin ƙarami ne.

Hanyar da ta fi ita ce a sauya aikin manyan. Kada su zama masu ceto, su zama masu matsin lamba. Masks ya gina wasansa kacokan a kan wannan: 'yan wasa matasan jarumai ne a birnin Halcyon, kuma manya suna da tasiri a kansu tun daga farko. Idan babbar jaruma ta dubi yaro ta ce masa shi haɗari ne ga jama'a, maganar na iya sauya lambobin da ke kan takardarsa, sai dai in ya yi ƙoƙarin ƙin karɓarta. Ka ga babbar ba ta kai naushi ko ɗaya ba, amma ta girgiza fitowar. Tana iya zuwa bayan an gama faɗa ta tambayi wa ya rushe gadar. Tana iya ba da umarnin da bai dace ba, yaran su rasa ko su bi ko su ƙi. Tana iya yin kuskure, ya zama su ne za su gyara.

Idan kuwa dole sai babban ya shiga faɗa, a ba shi aikin da zai cinye shi, kamar riƙe jirgin da ke faɗowa, a bar wa 'yan wasa mugun da shawarar da ke da wuya.

Yaran mugu da taron jama'a fa, su ma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya?

A'a. Mutants & Masterminds yana da doka ta musamman a kansu: yaron mugu idan ya kasa jure bugu, ya faɗi ke nan, ba a lissafa masa rauni kaɗan-kaɗan. Haka ya kamata. Mutum ashirin masu bindiga abu ɗaya ne a fage, taron da ke gudu a titi ma abu ɗaya ne. Sai dai ka ware mutum guda daga cikin taron ka ba shi fuska, tsohon da ya tsaya ɗaukar sandarsa da ta faɗi, domin jarumi ya san wa yake ceto.

Sai na rubuta wa kowane ɗayansu cikakkiyar takarda?

Mugun da za a gwabza da shi ne kaɗai ke buƙatar lambobi. Sauran ƙaramin kati ya ishe su, kuma abin da za a rubuta bai wuce layi huɗu ba: sunansa, abin da yake so, wanda yake da alaƙa da shi cikin jarumai, da wani abu guda da ake gane shi da shi. A katin 'yar jarida ana iya rubuta: tana son ta san wane ne Garkuwa, tana bin Walƙiya bashin ceton da ba ta nema ba, ba ta taɓa zama idan ana hira. Layin "abin da yake so" shi ne mafi muhimmanci, domin duk wanda ya ɗauki katin ya san inda zai tura ta ba tare da ya tambayi kowa ba.

A bar bayan katin fili. Bayan kowane zama a ƙara layi ɗaya na abin da ya same ta, da abin da ta sani yanzu. Rabin rikicin "ai ba ta san wannan ba" a nan yake mutuwa.

Kowa ya ɗauke ta sai ta zama wata daban. Wannan ba matsala ba ce?

Kaɗan daga ciki ba laifi. Taurarin labaran zane sun ratsa hannun marubuta da dama cikin shekaru tamanin da wani abu, kuma ana gane su, domin abin da suke so bai sauya ba ko da salon maganarsu ya sauya. Idan shugaban 'yan sanda ya fi zafi a hannun wannan, ya fi sanyi a hannun wancan, mutum ne mai ranaku. Inda za a tsaya a yi magana shi ne idan wani ya juya shi ya saɓa wa katinsa, jiya yana farautar jarumai, yau yana ba su makullin ofishinsa ba dalili. Sauyi irin wannan labari ne mai zaman kansa, a yi shi a fage kowa na gani.

Mu biyu muna son ɗaukar tauraro ɗaya a fitowa guda. Wa zai samu?

Idan dokar wasanku ta tsara bi da bi, a bi ta. Idan ba ta ce komai ba, akwai abu ɗaya da za a fara dubawa: kada mutum ya riƙe wanda jaruminsa zai yi jayayya da shi. Mai riƙe da Walƙiya ba za ta riƙe ƙanwar ba, in ba haka ba za ta zauna tana tambayar kanta tana ba kanta amsa, kuma ƙanwar za ta yafe mata da wuri. A ba wanda zai sa yarinyar ta tsaya a kan bakanta, ta ce ta gaji da ƙaryar da ake sa ta yi wa mahaifiyarsu. Mai Walƙiya tana da damar cewa "ƙanwata ba za ta faɗi haka ba" idan an wuce gona da iri, sauran kuma a bar wa mai riƙon. Idan har yanzu mutum biyu ne suka rage, wanda bai samu fitowa mai nauyi ba a wannan zaman shi zai ɗauka, ɗayan ya jira fitowa ta gaba.